Yadda Na Gabatar da Rahoton Ruwan Karmo

Shekara tara na yi a ma'aikatarmu ina rubuta wa manya jawabi kafin a wayi gari a ce ni ma in tashi in yi magana. A sashen tsare-tsare nake, hawa na uku, teburina na jikin taga. Idan darakta zai buɗe taro, ni ake kira. Idan babban sakatare zai halarci wani biki, takardar da zai karanta daga hannuna take fitowa. Nakan zauna a kujerar ƙarshe ta zauren taro ina jin kalmomina suna fitowa daga bakin wani. In ya tsallake layi in ji haushi, in an tafa masa in ji daɗi a ɓoye. Ban taɓa neman fiye da haka ba.

Tsoron ya daɗe tare da ni. Ina aji biyu a sakandare aka ba ni labaran mako in karanta a taron safe. Na iya karatu, shi ya sa ma aka zaɓe ni. Amma da na hau kan dandamali na ga kawunan ɗalibai jere har bakin katanga, sai na daskare da takardar a hannuna. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ba wanda ya yi mini dariyar mugunta, shiru kawai aka yi ana jira. Daga bisani malamar Turanci ta zo ta karɓi takardar a hankali ta ce in je in zauna. Tun daga ranar na koyi hanyoyin zillewa. A jami'a in aikin rukuni ne ni ce mai rubutu, wani ya gabatar. Ko a bikin ƙanwata, cikin mata 'yan'uwana, da aka ce in yi wa baƙi godiya sai na shige kicin na ce ana nemana.

A shekarar da nake ba da labari, an tura ni binciken yadda mutanen unguwar Karmo suke samun ruwan sha. Wata uku ina zuwa, ni da direba da wani abokin aiki. Mun shiga lunguna inda mota ba ta shiga, mun leƙa rijiyoyi, mun tsaya wajen masu turin kura da jarkoki, mun ga rijiyoyin burtsatse da suka lalace aka bar su yara na wasa a kai. Na dawo na rubuta rahoto, na kai wa darakta kamar yadda na saba, na ce in yana so zan taƙaita masa abin da zai faɗa a taron da za a yi da babban sakatare da wakilan wasu hukumomi.

Daraktanmu dattijo ne mai sanyin hali, saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya. Ya cire tabarau ya ajiye a kan fayil ɗin, ya ce shi bai taɓa taka Karmo ba, ba kuma zai tsaya gaban mutane yana bayanin rijiyar da bai leƙa ba. Na ce to a ba abokin aikina, ai tare muka je. Ya ce abokin aikina a mota ya fi zama, kowa ya sani. Na ce, ranka ya daɗe, ni ba na iya magana a taro. Ya dube ni kamar yana jin tausayina, amma bai sauya ba.

"Malama, ke kika je, ke za ki faɗa. Saura mako uku, ki shirya."

A Gwagwalada muke zaune, saboda maigidana yana koyarwa a can. Kullum da asuba nake shiga motar ma'aikata, tafiyar fiye da awa guda in an yi sa'ar hanya. A makon farko duk tafiyar nan a kan haddace jawabin ta ƙare. Na rubuta shi kalma da kalma, har inda zan ɗan dakata na sa alama. A mota ina iya karanto shi a zuci tun daga gaisuwa har godiya. Maigidana, wanda tsayuwa gaban ɗaruruwan ɗalibai ba ta dame shi ba, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce in riƙa kallon saman kawunan mutane, kada in kalli idonsu. Ya ce in ɗauki muryata a waya in saurara. Na ɗauka, na saurara sau ɗaya, na goge. Ya zauna a falo ranar Lahadi ya ce in ɗauke shi a matsayin babban sakatare, amma da na fara sai ya shiga gyara mini Turanci, muka ƙare da ɓacin rai. Ba laifinsa ba ne. Wanda bai san wannan tsoron ba yana ɗauka rashin shiri ne ke kawo shi.

A mako na biyu darakta ya ce a yi gwaji a sashenmu. Mutum bakwai ne kacal, duka waɗanda nake cin abinci da su kullum. Aka kunna majigi, shafin farko ya fito a bango. Na yi gaisuwa lafiya. Da aka juya shafi na biyu sai wata kalma ta ɓace mini, kalma ɗaya tak, duk abin da na haddace ya bi ta. Na tsaya ina kallon taswirar Karmo a bango kamar ban taɓa ganinta ba. Kunnuwana suka yi zafi. Wani ya miƙo mini ruwa. Darakta ya ce a bari sai wani lokaci. Na tattara takarduna na fita, ban koma teburina ba, na shige ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli na zauna a kan wani kwali ina kuka, ni da 'ya'yana biyu da digiri biyu.

A nan Mama ta same ni. Mama masinja ce a sashenmu, ita ke kai fayil daga ofis zuwa ofis. 'Yar Filato ce, ta haura hamsin, gajeriya mai faɗin kafaɗa, kullum da silifas ɗin roba a jaka saboda hawa bene. Kowa Mama yake ce mata, har darakta. Mukan gaisa, nakan tambayi ƙafarta da ke damunta, amma ban san komai game da rayuwarta ba. Ta shigo neman wani fayil, ta gan ni. Ta nemo fayil ɗinta, ta kakkaɓe ƙurar, sannan ta jawo wani kwalin ta zauna kusa da ni.

Ta ce ta ji abin da ya faru, domin tana bakin ƙofa. Sai ta ba ni labarin da ban zata ba. Ashe ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, kuma a Karmo take zaune shekara da shekaru. Duk wata sai ta tsaya gaban mata ta yi magana, wani lokaci gaban ikilisiya gaba ɗaya. Ta ce karon farko da aka ce ta yi addu'a a fili, don tsoro har ta manta sunan wadda ake yi wa addu'ar, maƙwabciyarta ce kuwa. Na tambaye ta yaushe tsoron ya bar ta.

"Bai bar ni ba, Madam. Har gobe in zan tashi sai na ji shi. Na dai daina jiran ya tafi kafin in fara."

Ta ce ranar Asabar matan unguwarsu suna haɗuwa a tsakar gidan da take haya, suna koyon waƙa, in an gama sai a zauna hira, maƙwabta Musulmi ma suna shigowa. Ta ce in zo in gaya musu abin da na rubuta a kansu. In zan iya tsayawa gaban matan nan, in ji ta, manyan ofis ba za su gagare ni ba, don su manyan ofis ko ba su gane ba sai su gyaɗa kai, matan Karmo kuwa ba sa raga wa kowa. Na so in kawo uzuri. Amma na ji kunyar matar da ta bar aikinta ta zauna a kan kwali saboda ni, na ce zan zo.

Na isa da hantsi. Gidan dogo ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, igiyar shanya ta ratsa tsakiya. Mata kusan ashirin suna zaune a kan benci da tabarmi da bokitai da aka kifa. Wasu da ɗankwalin zumunta iri ɗaya, wasu da hijabi, ɗaya tana tsinke zogale a faranti. Mama ta gabatar da ni a matsayin 'yarta ta ofis, wadda za ta kai maganar ruwansu gaban manya. Nan da nan hirar ta mutu, duk suka juyo.

Na fito da takarda. Na riga na mayar da jawabin Hausa, don haka na fara karantawa, kaina a sunkuye. Ban yi layi biyar ba wata mata mai sayar da kunu, doguwa, 'yar Nasarawa, ta ce ita fa ba ta jin komai, da ƙasa nake magana ko da su? Aka yi dariya. Na ji irin zafin kunnen nan ya taso. Mama ta taso ta karɓi takardar daga hannuna, ta naɗe ta ta sa a jakarta. Na ɗauka cewa za ta yi in je in zauna. Sai ta kama kafaɗuna ta gyara mini tsayuwa, ta taɓa ƙafata da tata don in ɗan ware su, ta ce in ja numfashi har ciki in sake shi a hankali. Ta ce in kalli mai kunun nan ita kaɗai, in gaya mata abin da na gani ranar da na fara shigowa unguwar.

Na ce na ga layin jarkoki a gaban wata rijiya da ke bayan injin niƙa, babu kowa a wajen sai jarkokin, kowace da dutse a kai. Mai kunu ta ce ƙwarai, jarka ce ke bin layi, mai ita tana gida tana aiki. Na ci gaba. Na ce na rubuta cewa mata sun fi ɗiban ruwa da safe. Nan fa aka yi mini ca. Suka ce da safe na gan su ne saboda da safe nake zuwa, amma rijiyoyin ba sa tara ruwa sai an bar su sun huta, don haka ɗiba ta gaske sai bayan la'asar, lokacin da ni na riga na koma ofis. Mai tsinkar zogale ta ce ruwan rijiyar bayan injin niƙa ba a sha, wanki kawai ake yi da shi, tun da kwata ta fashe kusa da ita. Wannan ma ban sani ba. Na shiga tambaya, suna amsawa, wani lokaci uku a tare. Da suka ce ba a taɓa gyara burtsatsen bakin kasuwa ba, na ce a'a, an gyara sau ɗaya, na ga takardar, ya sake lalacewa ne. Muka yi ta musu. Can na lura ina tsaye a tsakiyar gida ina ɗaga murya don ta fi ta mai kunu, hannuwana suna nuna gabas da yamma, kuma na fi rabin awa a haka.

Mama ba ta bar ni na tafi da wannan daɗin ba. Ta sa aka yi shiru, ta ce in sake daga farko, a tsare, ba mai katse ni. Da shirun ya dawo, tsoron ma ya dawo. Sau uku tana sa ni ina farawa. A na ukun na kai ƙarshe, da tuntuɓe da komai. Da za ta raka ni bakin titi ta ce in daina haddace jawabi gaba ɗaya, in riƙe jimlar farko kawai da abubuwa uku da nake so su shiga kunnen manya, sauran ai na san su. Ta ce kada in sha shayi da safen, in ci abu kaɗan, in isa zauren kafin kowa in tsaya inda zan tsaya. Na koma gida na gyara rahoton a wurare biyu, na gaya wa darakta dalili. Ya ce gara da aka gano yanzu.

Ranar taron Laraba ce. Na isa zauren ana goge tebura. Na tsaya a bayan makirfo na ce bismillah a hankali, na ji muryata ta dawo mini daga lasifika, baƙuwa. Mutane suka fara shigowa, manyan riguna da kwat, ana ta musabaha. Na yi ta duban ƙofa ina neman Mama, don ta ce za ta san yadda ta yi ta shigo da ruwan roba ta tsaya a baya. Ba ta zo ba. Daga baya na ji an aike ta wani ginin da wasiƙa tun da safe, aka bar ta tana jiran sa hannu.

Da aka kira ni, na tashi na nufi makirfo. Ba zan yi ƙarya ba, mintuna biyun farko ba su yi kyau ba. Na tsallake wani babba a jerin gaisuwa. Makirfo yana ɗauko numfashina yana watsawa cikin zaure. Na ga wani yana duba wayarsa, wani yana raɗa wa na kusa da shi magana. Na faɗi jimlata ta farko. Sai na tsaya, na ware ƙafafuna, na ja numfashi. Shirun ya yi mini tsawo ƙwarai, ko da yake darakta ya ce shi bai ma lura ba. A gefen babban tebur akwai wata mata mai rubuta bayanan taro, ban san ta ba, ta ɗago kai tana jirana da biro a hannu. Ita na kama. Na gaya mata labarin jarkokin da ke bin layi da duwatsu a kansu. Ta ɗan yi murmushi ta rubuta. Daga nan na wuce kan rijiyar da kwata ta ɓata, na wuce kan burtsatsen da ake gyarawa ba a bar wa kowa alhakin kula da shi ba. A wani wuri na manta in ce a juya shafin majigi, na yi ta bayani taswira tana tsaye a bango, ba wanda ya damu.

Da aka zo tambayoyi, wani wakili daga wata hukuma, mai kaifin murya, ya ce yawancin gidajen wurin ba bisa ƙa'ida aka gina su ba, wata rana za a iya tashin su, me zai sa gwamnati ta zuba aiki a inda ba shi da tabbas? A da, irin wannan tambayar ce nake mafarkin za ta kashe ni a tsaye. Na kurɓi ruwa.

"Yallaɓai, maganar fili ba ni da amsarta, ba aikin ofishinmu ba ne. Abin da na sani shi ne mutanen suna can yau, kuma yau ɗin ma sai sun sha ruwa. Yawancin abin da muka ba da shawara gyaran wanda ake da shi ne, ba sabon gini ba."

Bai gamsu ba, na ga alama a fuskarsa. Amma babban sakatare ya gyaɗa kai ya ce a rubuta. Aka tafa kaɗan, irin tafin ofis. Na koma kujerata na ji rigata ta jiƙe a baya. Darakta ya sunkuyo ya ce na yi sauri a tsakiya, kuma in nemi babban nan da na tsallake in ba shi haƙuri, sannan ya ce Allah ya yi albarka. A ƙarshen taron aka kafa kwamiti, aka ce zai duba rahoton ya kawo shawara.

Washegari Mama ta zo teburina da fayiloli a ƙirji, ta ba ni haƙurin rashin zuwanta, ta sa na ba ta labari tun daga farko. Ta yi dariya sosai a kan babban da na tsallake. Sannan ta ce matan suna jira su ji abin da manya suka ce, ranar Asabar za su haɗu. Na so in zille, domin ba ni da wani abin kirki da zan kai musu. Na ce ko ita ta gaya musu. Ta ce ai ita ba ta halarci taron ba.

Na koma ranar Asabar. An fi na farko yawa, har da maza biyu a bakin ƙofa. Wannan karon ban zo da takarda ba. Na tsaya a ƙarƙashin igiyar shanya na gaya musu gaskiya: an saurara, an yi tambayoyi, an kafa kwamiti, ba a yi alkawarin rana ba. Na gaya musu har da tambayar mai kaifin murya da amsar da na ba shi. Mai kunu ta ce kwamiti dai, ta tafa hannu ɗaya a kan ɗaya. Wata tsohuwa ta tambaya ko na faɗi maganar kwatar, na ce na faɗa, ta ce to an gode. Ba su yi murna ba, ba su kuma yi fushi da ni ba. Aka zubo mini kunu a kofin silba, na zauna a benci na sha, hira ta koma kan tsadar gawayi.

Bayan kusan shekara aka gyara burtsatse biyu a Karmo, aka damƙa kulawarsu a hannun mutanen unguwa. Ba ɗaya a layin su Mama. Na bakin kasuwa ne ya fi kusa da ita, tafiyar minti goma da ɗan wani abu, kuma da ƙafarta mai ciwo ba ta iya ɗauko jarka daga can, sai dai ta sayi na 'yan kura. Na sa layin nasu a rahoton shekara ta gaba, na kuma tsaya na gabatar da shi da kaina. Har Mama ta yi ritaya ta koma Filato ba a kai gare shi ba.